Mawaƙi ya tsira da muryarsa, makaɗan bayansa fa?

In mutum ya bi tarihin manyan mawaƙan Sudan ɗaya bayan ɗaya, zai tarar kaɗan ne suka buɗe ido a cikin sana'ar. Muhammad Wardi, wanda aka haifa a ƙauyen Sawarda can arewa a 1932, malamin makaranta ne kafin Rediyon Omdurman ta ɗauki muryarsa a 1957. Abdulkarim al-Kabli, haifaffen Port Sudan, ya daɗe yana aikin ofis a ma'aikatar shari'a. Mustafa Sid Ahmad na Wad Sulfab da Abdulƙadir Salim na Dilling duk sun riƙe alli. Sharhabil Ahmad kuwa, da ake wa laƙabi da sarkin jaz, albashinsa daga zanen hotuna yake fitowa a mujallar yara ta Al-Sibyan. Wannan ya sha bamban da abin da kakanninmu suka baro a ƙasar Hausa, inda galibi kiɗa gado ne: ɗan makaɗi ya tashi yana ɗaukar kalangun ubansa, yana amshi, har ranar da za a ba shi gaba, kuma gidansu na da sarki ko attajiri ko masu wata sana'a da suke wa kiɗa tun kaka da kakanni. Fannan na Sudan, wato mawaƙi, ba ya gadon ubangida. Ƙofa yake nema ya shiga, kuma shekara da shekaru ƙofar ɗaya ce tak, tana Omdurman a bakin Nilu.

Waccan ƙofa suna take bayarwa, abinci kuwa a gidan biki yake. Tsakanin su biyun akwai wasu mutane da ba a cika kiran sunansu ba: masu kamanja, mai akodiyon, mai busa saksafon, mai bongos, 'yan amshi. Duk girgizar da ta sami kiɗan ƙasar nan daga 1983 zuwa yau, su ta fara kayarwa.

Sai dai ba za a yi maganar ƙofar Omdurman ba tare da an fara da wadda ta buɗe wa mata ita ba, kuma tamu ce. Aisha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da Aisha al-Fallatiya, a Kasala aka haife ta, iyayenta mutanen Sakkwato ne da hanyar Makka ta kawo, suka zauna. Mahaifinta malami ne mai khalwa a Omdurman, a gabansa ta yi karatun allo, kuma duk wanda ya saurari yadda take fitar da haruffa a tsoffin faya-fayanta zai ji sawun wannan karatu. A gidajen biki ta fara tun tana yarinya, uban bai so ba, aka yi mata aure don ta bari, auren bai ɗore ba, waƙar ta ɗore. Ta je Alƙahira ta yi faifai, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a yaƙin duniya na biyu, ta shiga rediyon da aka kafa a 1940 tun tana sabuwa, a lokacin da fitowar muryar mace a akwatin rediyo abin kunya ne a idon jama'a da yawa. 'Yar uwarta Jidawiya ce ke kaɗa mata udu. Ta bar waƙoƙi fiye da 150, ta rasu a Omdurman a 1974 bayan ciwon sukari ya ci mata ƙafa.

Rayuwarta ta tattara duk abin da zai biyo baya. Ta fito daga gefe, daga al'ummar da ake wa kallon baƙi. Ta koyi sarrafa murya a wurin addini. Ta ci abinci a gidan biki. Da ta zo ƙofa kuma, sai da ta shiga da Larabcin tsakiyar ƙasa, da waƙoƙin da mawallafan Omdurman suka rubuta mata. Haka Wardi, wanda Nubanci ne harshen uwarsa, haka Abdulƙadir Salim da ya ɗauko kiɗan mardum na makiyayan Kordofan ya sa masa rigar birni. Abin da ake kira waƙar Sudan, in ka kwance shi, yawancin zarensa daga gefunan ƙasar aka kaɗo, a Omdurman kawai aka saƙa. Na kan tuna wannan duk lokacin da wani ya buɗe baki ya ce Bahaushe baƙo ne a nan, kamar yadda aka yi ta faɗa a Yulin 2022 lokacin da aka zubar da jinin mutanenmu a jihar Blue Nile. Mai faɗin hakan, wataƙila da waƙar Aisha aka yi bikin kakarsa.

To, yaya ƙofar take aiki? A wancan zamani rediyo na da kwamitin tantance murya. Sai ka tsaya gabansu ka rera, su amince, kafin a kira ka fannan. Akwai masu duba baitoci da karin waƙa, kuma an kasa mawaƙa daraja-daraja, kuɗin da ake biyan mutum ya danganta da darajarsa. Wanda ya haye, sai a haɗa shi da firƙar rediyo, wato ƙungiyar makaɗanta: jerin masu kamanja, udu, akodiyon, sarewa, ganguna. Daga 1969 aka sami makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo a Khartoum, inda har malamai daga Koriya ta Arewa suka koyar, ta riƙa yaye makaɗan da suka iya karanta kiɗa a takarda. Masu busa ƙahonin ƙarfe kuma da yawansu daga badujalar soja da ta 'yan sanda suka fito. Wato hukuma ce ke renon makaɗa, ko kai tsaye ko a kaikaice. Ita ke ba su horo, ita ke ba su ɗakin gwaji, ita ke ba su ɗan albashin da zai sa mutum ashirin su iya zama wuri ɗaya su maimaita waƙa guda har ta nuna.

Abin da ya fito daga wannan tsari ba ƙarami ba ne. Kiɗan Sudan a kan tsanin sauti mai hawa biyar yake tafiya, ba irin na Masar da Sham ba, shi ya sa kunnen Bahabashe da Basomale da mutumin Chadi da Bahaushe ke karɓarsa ba tare da an yi masa tafinta ba. Sayyid Khalifa ya yi suna daga Habasha har Najeriya. Wardi ya cika filin ƙwallon Addis Ababa a 1994. Amma tsarin na da farashi. Kwamitin da ke buɗe ƙofa shi ke rufe ta, kuma mai riƙe da gwamnati shi ke riƙe da kwamitin. Wardi ya yi wa juyin mulkin Numairi na 1969 maraba da waƙa, bayan 1971 ya tsinci kansa a kurkuku.

Kuɗin rediyo bai taɓa riƙe gida ba. Abin da ke riƙe gida shi ne adad, wato kuɗin da ake yanka wa fannan na daren biki, da abin da masu rawa ke liƙa masa. Suna a rediyo shi ke ɗaga adad, adad kuma shi ake rabawa da makaɗa. A nan ne rashin daidaiton yake: sunan na mutum ɗaya ne, kason mai kamanja kuwa na dare ne, in babu biki babu shi. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka tsaya da sunan taro, ba da sunan mutum guda ba, suke da daraja ta musamman a wurina, kuma shi ya sa ba sa yawan tsufa.

Dubi firƙoƙin jaz na shekarun 1960 da 1970. Ba jaz irin na Amurka suke yi ba, gauraye ne na jita da ƙahoni da kiɗan Kongo da na gida. Sharhabil ya sa matarsa Zakiya Abul Ƙasim ta riƙe jita a firƙarsa, abin da ba a saba gani ba. Akwai Kamal Kila, akwai Al-Aƙarib da suka yi faifai da Saif Abubakar a Kuwait a 1980. Wuraren cin abincinsu otal-otal ne da kulob-kulob na Khartoum. Da Numairi ya kawo dokokin shari'ar Musulunci da ake kira dokokin Satumba a 1983, wuraren suka mutu, kasuwar ta bi su. Al-Balabil, 'yan uwa uku mata, Hadiya da Amal da Hayat Talsam, 'ya'yan wani malami Banube daga Wadi Halfa, sun fito a 1971 tare da mai tsara musu kari Bashir Abbas, suka riƙe ƙasar kusan shekara ashirin, sannan aure da ƙaura suka raba su, sai bayan shekaru masu yawa suka sake tsayawa dandali ɗaya. Iƙd al-Jalad, wadda Usman al-Nau ya kafa a 1984 da matasan makarantar kiɗa, ta zo da wani abu dabam: maza da mata a jere, murya bisa murya, babu tauraro, suna rera baitocin mawallafa irin su Mahjub Sharif da Muhammad Taha al-Gaddal a kan talaka da yunwarsa. Ta sha matsin hukuma, ta kuma sha rabuwar kai a cikin gida, mambobi na fita wasu na shiga.

Sai 1989. Abin da mulkin Inƙaz na Umar al-Bashir, wanda ya hau a shekarar, ya yi wa kiɗa an faɗe shi da yawa, amma an fi faɗin ɓangaren manya: Wardi ya yi gudun hijira zuwa Alƙahira, daga nan Amurka, bai dawo ba sai 2002. Muhammad al-Amin, ɗan Wad Madani, shi ma ya yi zaman Masar. Mustafa Sid Ahmad ya ƙare kwanakinsa a Doha da ciwon ƙoda, aka dawo da gawarsa a Janairun 1996. An hana sa waƙoƙi da dama a rediyo. A Nuwamban 1994 wani mutum ya shiga gidan ƙungiyar mawaƙa a Omdurman da wuƙa, ya kashe Khojali Usman, ya ji wa Abdulƙadir Salim rauni. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da ya canja sautin ƙasar baki ɗaya ƙaramin abu ne a takarda: dokar nizam al-am ta kula da ɗabi'un jama'a, wadda ta ce sai da izini za a yi biki da kiɗa, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kashe na'ura.

Duk wanda ya halarci biki a Gadarif ko Sinnar ko unguwannin bayan Khartoum a waɗancan shekaru ya san yadda abin yake. An kafa rumfa a tsakiyar layi, an jera kujerun roba, mata a gefe guda cikin tobe, janareta na ruri a bayan katanga. Uban biki na tsaye bakin rumfa, takardar izini a aljihun jallabiyarsa, yana duba agogo. Fannan bai iso ba sai bayan isha, saboda yana da wani bikin a wata unguwa. A irin wannan dare wa zai jira mutum goma sha biyar su ɗaure tsirkiya su daidaita sauti? Wa ma zai biya su, ga tsadar rayuwa? Sai ga yaro ɗaya ya sauko daga raksha da org a kafaɗa, abin da 'yan uwanmu na Kano ke kira fiyano, ya ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, ya soka waya, ya danna maɓalli. Ganga ta fito, kamanja ta fito, saksafon ya fito, duk daga yatsu goma. Kafin minti biyar maza sun taso suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsa a kan ango, gwaggon amarya na liƙa kuɗi. Biki ya yi kyau, kowa ya watse a kan lokaci. Mutum goma sha huɗu kuma sun kwana a gida ba su samu ko sisi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka muka gada, amma org ya ɗauka, kuma ban ga amfanin tsine masa ba. Shi ya buɗe wa 'ya'yan talakawa hanyar da kwamitin rediyo ba zai taɓa buɗe musu ba. Daga gare shi zanig ya fito, kiɗan unguwannin gefen Khartoum mai saurin bugu, wanda masu org irin su Aiman al-Rubu suka yi suna da shi, mata irin su Marwa al-Duwaliya da Aisha al-Jabal suka hau kansa. Masu ilimin kiɗa na yi masa kallon raini, suna cewa waƙar banza ce, kamar yadda aka raina waƙoƙin tumtum na zamanin Aisha al-Fallatiya, da waƙoƙin 'yan mata na daluka, da Hanan Bulubulu a nata lokacin. Wasu baitocin zanig ɗin ni ma ba na son yarana su haddace su. Amma wanda ya ce ba kiɗan Sudan ba ne, bai san inda Sudan take kwana ba.

Tsakanin tsohon tsari da sabo akwai mutum ɗaya da ya tsaya da ƙafa a kowane ɓangare, Mahmud Abdul'aziz, ɗan Bahri, haifaffen 1967. Ya iya tsoffin waƙoƙin Omdurman da ake kira haƙiba kamar dattijo, ya yi madihu, amma ba rediyo ce ta yi shi ba. Kaset ne da direbobin bas da matasan da ba su da aikin yi, waɗanda suka ga kansu a jikin wannan siririn mutum da 'yan sandan nizam al-am suka sha tasa wa gaba. Da ya rasu a Amman ran 17 ga Janairun 2013, daidai ranar da Mustafa Sid Ahmad ya cika shekara 17 da rasuwa, masoyansa, Hawata, sun kutsa har filin saukar jirgi na Khartoum don tarbar gawarsa. Daga kansa aka gane cewa ana iya zama sarki ba tare da an bi ta Omdurman ba. Talabijin ta ɗan riƙe wani abu na tsohuwar ƙofar, musamman shirin azumi na Aghani wa Aghani da marigayi Al-Sir Gadur ya riƙa gabatarwa a tashar Blue Nile, inda matashi ke zama gefen dattijo, firƙa cikakkiya a bayansu. Wata ɗaya ne dai a shekara.

Akwai kuma ƙofa ta uku da ta buɗe daga waje. Alsarah, wadda aka haifa a Khartoum a 1982, iyayenta suka fita da ita zuwa Yaman sannan Amurka a 1994, ta karanci ilimin kiɗan al'ummu a jami'a, ta kafa firƙarta Nubatones a Brooklyn a 2010. Kamfanonin faifai irin su Habibi Funk na Jamus da Ostinato suka zo suna tono tsoffin kaset, Habibi Funk ya fitar da faifan Al-Aƙarib da na Kamal Kila a 2018. Ostinato ɗin ne ya fitar da Nuri da firƙarsa ta Dorpa daga Port Sudan a 2022, mutumin da ya haɗa wuyan jita da tamburin Beja ya ƙera kayan kiɗansa da hannunsa, sannan a 2023 ya fitar da Jantra, mai org na yankinmu na gabas wajen iyakar Habasha. Na yi murna da wannan, don mutanen da Omdurman ta yi shekaru ba ta waiwaya ba sun sami mai saurare. Sai dai ita ma ƙofa ce mai nata kwamitin. Abin da zai yi daɗi a kunnen mai sayen faifai a Berlin shi ake zaɓa, kuma ana iya sanin mutum a Turai alhali a kasuwar garinsu adad ɗinsa bai motsa ba.

Shekarar 2019 ta zo da wani ɗan haske. A zaman dirshan da masu neman sauyin mulki suka yi a gaban hedikwatar soja, daga 6 ga Afrilu har zuwa ranar da aka tarwatsa shi da harsashi a 3 ga Yuni, an kafa dandali, Aiman Mao ya dawo daga Amurka ya rera wa dubban matasa, aka ga masu kamanja suna kiɗa a kan titi ba mai tambayarsu takarda. A Nuwamban shekarar aka soke dokar nizam al-am. Ƙananan firƙoƙin matasa irin su Aswat al-Madina, da ta mata zalla Salute Yal Bannot, waɗanda suka taso tun kafin juyin da ya kifar da al-Bashir, suka sami sararin numfashi. Shekara huɗu ba ta cika ba.

Ran 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda rumbun muryoyin ƙasar yake tun daga zamanin Aisha, ya faɗa hannun Da'am al-Sari, dakarun RSF da ke yaƙi da sojan ƙasar, ya zama sansanin yaƙi har zuwa Maris na 2024. A watan Mayun 2023 harsashi ya kashe mawaƙiya Shadin Gardud a Omdurman. Muhammad al-Amin ya rasu a Amurka a Nuwamba, wata guda kafin garinsu Wad Madani, inda mawaƙan Khartoum da yawa suka fake, shi ma ya faɗi. Aka watse: Alƙahira, Kampala, Nairobi, Riyad, Jidda, Dubai, Port Sudan. Wasu mawaƙan suka koma yi wa ɓangarorin yaƙi kirari, masoyansu suka rabu biyu a Facebook.

A wannan watsewar ma rabon bai zo daidai ba. Fannan mai suna ya sauka Alƙahira da muryarsa a maƙogwaro da mabiyansa a waya. 'Yan Sudan na can suna aure, suna neman wanda zai tuna musu gida, sai ya ɗauki mai org ɗaya da mai ganga ya ci gaba da cin abinci, wani ma adad ɗinsa ya ƙaru don da kuɗin waje ake biya. Mai kamanja kuwa, da ya yi shekaru yana koyon yadda zai ja baka daidai da mutum bakwai da ke gefensa, gwanintarsa ba ta aiki sai da waɗancan bakwai ɗin, ga shi ɗaya na Kampala, ɗaya na Jidda yana tuƙi, ɗaya ba a san inda yake ba. Da yawa ma kayan kiɗan nasu a gida suka bari, aka wawushe. Irin wannan sauti na jerin kamanja, wanda ya sa aka san Sudan daga Asmara zuwa Kano, ba a koyonsa ta YouTube. Sai an zauna ɗaki ɗaya, babba na gyara wa ƙarami, shekara da shekaru, kuma wani na biyan kuɗin zaman.

Mu Hausawan nan fa, ina muka tsaya? Daga Mai Wurno zuwa Damazin, daga Kasala zuwa ƙauyukan Jazira, bikinmu na da kiɗa biyu. Akwai kalangu da ganga na tsofaffi, akwai org na matasa, a tsakani kuma waƙoƙin finafinan Kano na tashi daga wayoyi. Yaranmu na cikin masu kaɗa org a bukukuwan kowace ƙabila, wasu na rera Hausa a ɗakunan ɗaukar sauti na unguwa suna sakawa a intanet. Amma har yau in yaro ya ce kiɗa zai yi, abin da zai ji daga baffansa shi ne, "Kai, ɗan malamai ne kai, roƙo za ka koma?" Baffan bai yi ƙarya ba game da yadda aka ɗauki makaɗi a al'adarmu, kuma tsoronsa na abin da yaron zai ci gobe tsoro ne na gaskiya. Abin da ya manta shi ne 'yar malam ce ta fara buɗe wa matan ƙasar nan baki a rediyo.

Tsohuwar ƙofa ta nemi Aisha ta ajiye harshenta a waje kafin ta shiga. Wayar da ke hannun yaranmu ba ta neman haka, kuma mai saurarensu ba a Gadarif kaɗai yake ba, yana Zinder, yana Kano, yana unguwannin Hausawa na Makka da Jidda. Abin da wayar ba za ta ba su ba shi ne malami. A yanzu haka akwai makaɗan da suka yi karatu a makarantar kiɗa ta Khartoum, waɗanda yaƙi ya jefo Kasala da Gadarif da Port Sudan, suna zaune a gidajen haya da makarantun da aka mayar matsugunin 'yan gudun hijira, ba su da aikin yi. Ƙungiyoyinmu na unguwa da ke tara kuɗin gasar ƙwallo da na maulidi za su iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu ya riƙa koya wa yara biyar ko shida udu da kamanja da karatun kiɗa bayan la'asar, a zauna da mai kalangun unguwa a ga abin da zai fito.